Dubu Goma Sha Bakwai

Ƙarfe ɗaya na dare a asibitin Jahun.
Injin ƙidaya ya kwana uku a mace,
mai gyaran yana Dutse, ya ce sai Litinin.
Saura ni da madubina da fitilar sola,
da ɗigon jinin Haladu a kan gilashi.

A babur aka kawo shi, tsakanin wansa da ƙanensa,
ƙaiƙayin riɗi bai bar sumarsa ba.
Ciwon ya faro a cibiya jiya da hantsi,
ya yi ta lalube kamar baƙo mai neman masauki,
da la'asar ya gangara ƙasan dama ya shimfiɗa tabarma.
An ba shi kanwa. An ba shi jiƙon sabara.
Mai kemis ya ce taifot ne, ya tsira masa allura biyu.
Duk ramin da babur ya faɗa, sai ya kira sunan uwarsa.

Na zuba ruwan da ke narkar da jajaye,
fararen kaɗai suka rage
a gidajen dara da aka zana wa gilashin.
Na bi su lungu huɗu, babban yatsana na danna ƙarfe,
ƙas, ƙas, ƙas,
sauro na cizon ƙafata, ban da hannun kora.
A jikin mai lafiya da wuya su haura dubu sha ɗaya.
Na ƙirga, na goge ido, na sake ƙirgawa:
dubu goma sha bakwai.

Na shafa wani ɗigon, na rina shi da shuni.
Takwas cikin goma masu ciki gaɓa-gaɓa ne,
kamar gyaɗa mai 'ya'ya uku,
su ne ke fara rugawa da guga in gobara ta tashi.
Ga wasu a lanƙwashe kamar lauje,
yara ne, ɓargo ya turo su tun ba su nuna ba,
don manyan sun ƙare a wurin kashe wuta.

Amma jini rabin magana yake yi.
Zai ce ana faɗa a gari, ba zai ce a gidan wane ba.
Na ga dubu ashirin da ciwon a huhu yake.
Bara kuma na rubuta wa 'yar Marka dubu tara,
aka ce da sauƙi, a koma gida.
Kwana biyu suka dawo da ita, abin ya fashe.
Ta rayu, da tabo kamu guda a mara.
Uwar har yau tana gaishe ni ranar kasuwa,
ni kuwa takalmina nake kallo.

Don haka da ƙafata na kai takardar.
Dakta Balaraba ba ta karɓa ba tukuna.
Ta danna mararsa a hankali, ya cije.
Ta saki farat ɗaya, ya zabura har gadon ya yi ƙara.
Sannan ta duba lambata.
Ta ce, bakinku ya zo ɗaya da hannuna,
afendis ne, a tada janareto.

A baranda uban ya tare ni, hula a hannu.
Malam, me ka gani a ciki?
Na ce mutanen gidansa sun tashi tsaye.
Su nawa?
Na faɗa masa. Ya yi shiru yana motsa leɓe,
mutumin da dami arba'in ne iyakar lissafinsa.
Ya ce, duk a jikin yaron nan?
Na ce a ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba.

Ana kiran assalatu aka turo mini kwalba.
Ɗan abu kamar yatsa, ya kumbura ya yi jajir,
bakinsa ya fara baƙi, bai dai huje ba.
Na manna masa suna, na ajiye.
Na wanke gilashin a famfo, na shanya.
Wata mata na tsaye a taga da goyo,
jikin yaron kamar garwashi.